Zafin injin mota da iskar da ke maƙalewa cikin ruwa

Wanga jawabi wani ɗan ƙungiyarmu ne, bakanike a Yamai, ya yi shi ga taron wata. Anka ce a buga shi don ƴan'uwa na gida da na ci-rani su samu.

Ni ba mai magana ba ne gaban manya, aikina da ƙarfe ne da baƙin mai. To amma tun ranar da ma'aji ya karanta kuɗin gyaran motar ƙungiya magana ta yi yawa, kuma mafi yawanta bisa kan yaron da ke tuƙa ta ta faɗa. Wasu sun ce a karɓe makulli daga hannunshi. Wasu sun ce motar ce ba ta son ƙasarmu, a cire mata abin da Turawa sunka sa mata don sanyin ƙasarsu, kowa ya huta. Ni na kwance injin nan da hannuna, shi ya sa na roƙi a bar ni in faɗi abin da na gani.

Bari in maimaita yadda abin ya faru saboda na nesa. Ranar kasuwa wata robar ruwa ta fashe, irin wadda muke kira dirit a garaji. Anka sayo sabuwa anka ɗaura, kuma ɗaurin ya yi kyau, na duba shi. Anka ɗebo ruwa anka tuttula ma radiyato har ya cika ya zubo, anka rufe. Da dare anka buga ƙofa, ga mara lafiya, sai Galmi. Ba a yi nisa ba allurar zafi ta haye ja, ta sauko, ta sake hayewa. Direba ya so tsayawa, na cikin mota sunka ce ya taka. Da inji ya fara ƙara ya rasa ƙarfi, ya tsaya dole. Yaron mota ya murɗe marfi, tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya ƙone mishi hannu. Anka juye ruwan jarka mai sanyi anka ci gaba. Mara lafiya ya isa, alhamdu lillahi, ya kuma samu sauƙi. Mota kuwa da igiya anka jawo ta.

Da na buɗe, na tarar kulas ta lanƙwashe. Kulas ita ce murfin inji na sama, kuma ga motocin yanzu yawanci da alminiyam ake yin ta, irin ƙarfen tukwanen nan da maƙera ke zubawa. Ba ta jure wuta kamar baƙin ƙarfen tsofaffin motoci. Na duba famfon ruwa, lafiya lau. Fanka tana juyawa. Radiyato, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira lagireto, ba ya yoyo. Tarmosta da ake zargi na jefa ta cikin tukunya bisa wuta, ta buɗe kamar yadda ya kamata. To me ya kashe injin? Iska. Iska ce ta maƙale cikin hanyar ruwa tun ranar da anka sake dirit.

Na ga wasu dattawa suna murmushi. Ba waccan iskar nake nufi ba, iyayena, wagga da muke shaƙa ce.

Inji wuta yake ci. Man da ke ƙonewa cikinshi, wajen kashi 1 cikin 3 na zafinshi ruwa ne ke kwashe shi. An yi ma ruwan hanyoyi cikin jikin ƙarfen, kewaye da inda wutar ke tashi. Famfo yana tura shi, ya ɗauki zafi, ya fita ta dirit na sama ya shiga radiyato, iskar hanya da ta fanka ta huce shi, ya dawo ta dirit na ƙasa. Haka yake ta kewayawa muddin inji yana aiki. Ƙaramar mota tana ɗaukar kamar lita 5 zuwa 7, babba irin tamu tana iya kai lita 10 ko fiye. Duk sa'ad da anka zubar da ruwan nan, ko dirit ta fashe, ko anka fidda radiyato don wanki, ko anka sake famfo, iska ce ke shiga ta maye gurbinshi. Ruwan da za a zuba kuma ba zai zauna ba sai ita ta fita.

Kowa nan ya taɓa tsoma gora cikin tabki. In ka danna ta da ƙarfi baki ƙasa, ba ta cika, sai ka karkata ta ka ji tana ɓul-ɓul tukuna. To hanyar ruwan inji ta fi wuyan gora ƙunci, ga lunguna, ga wuraren da sunka fi bakin radiyato tsawo. In ka tuttula ruwa da sauri, bakin ya cika ya zubo, kai ka ce ta ƙoshi, alhali can sama cikin kulas akwai wurin da ruwa bai taɓa ba. Wurin nan kuwa shi ne ya fi ko'ina zafi. Iska ba ta kwasar zafi kamar ruwa, sai ƙarfen wurin ya yi ta gasuwa.

Masu lambun albasa sun fi kowa gane magana ta biyu. Injin ban ruwa in iska ta shiga mishi, ko ka tada shi ya yi ta kuka ba zai jawo ko ɗigo ba, sai ka ɗura mishi ruwa ka kore ta. Famfon mota ma haka yake. In kumfar iska ta kai gare shi, juyawa kawai yake yi banza, ruwa ya tsaya wuri guda ya tafasa.

Ita allurar da direba ke kallo, wani ɗan ƙarfe ne da anka dasa cikin hanyar ruwa ke gaya mata labari. In ruwa ya rufe shi sai ta faɗi gaskiya. In iska ce kewaye da shi sai ta yi ƙarya, ta nuna lafiya alhali inji yana cin wuta. Shi ya sa kunka ji allura ta hau ta sauka ta sake hawa. Duk direban da ya ga allura tana rawa haka bayan an taɓa ruwan mota, ya fara tunanin iska kafin komi. Wata alama kuma, ka ji ƙugi kamar cikin mai yunwa ta bayan sitiyari sa'ad da ka tada mota. Wata kuma ita ce ta shofaj, abin ɗumama cikin mota. Mu nan ba mu damu da shi ba sai ɗari ya tsananta, amma ga bakanike ma'auni ne. Inji ya yi zafi, ka buɗe shofaj ya busa maka sanyi, to ruwa bai kai can ba.

Yanzu ga yadda ake fidda ta. A garaji furje muke cewa, kuma ba ya son kuɗi, haƙuri yake so.

Inji ya zama ya huce sarai, wanda za ka iya ɗora hannu bisa kai ka bari. Ka tsayar da mota gabanta bisa tudu, ko ka ɗaga gaban kaɗan, don bakin zuba ruwa ya zama shi ne sama da komi, tun da iska sama take nema. Ka murɗa shofaj wajen zafi har ƙarshe. Sa'an nan ka duba ko motar tana da ƴan kusoshin fidda iska. Motocin Faransa irin su Peugeot 405 da 206 da Renault da yawa suna da su, bisa dirit na shofaj ko kusa da gidan tarmosta, wani ɗan murfi ne kamar na bakin tayar keke, ko ƙaramar kusa. Toyota da yawa ba su da su, ta bakin radiyato suke fitarwa. In akwai, ka buɗe su. Ka riƙa zuba ruwa sannu-sannu, siriri kamar mai zuba shayi, ba kamar mai shayar da raƙumi ba. Kowace kusa za ta fara huci, sa'an nan ta yi tofi da kumfa, sa'an nan ruwa ya fito sumul ba yankewa. Sai nan za ka rufe ta, ka fara da ta ƙasa ka ƙare da ta sama. Kada ka ɗaure da ƙarfi, da yawansu roba ce, in ta karye ka jawo wani aiki.

Ka kama dirit na sama da na ƙasa ka riƙa matsawa kana saki. Za ka ga kumfa tana ɓullowa ta baki, ruwa yana sauka. Ka ƙara. In ya daina sauka, ka tada inji ka bar shi yana aiki a hankali, marfi a buɗe. Daga nan hannu da hannun riga da bakin rawani su yi nisa da fanka. Ta motocin yanzu da lantarki take aiki, tana tashi da kanta ba sallama.

Nan ne mutane ke kasawa, don jira ne. Tarmosta ƙofa ce tsakanin inji da radiyato. Muddin inji da sanyi a rufe take, ba ta buɗewa sai ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, lambar tana rubuce bisa jikinta. Kafin ta buɗe, iskar da ke bayanta tana nan ɗaure. Sai ka tsaya minti 10, 15, wani lokaci 20, kana taɓa dirit ɗin da ke bayan tarmosta. Sa'ad da ta buɗe za ka ji ya ɗauki zafi farat ɗaya, ruwan baki ya faɗa ƙasa, manyan kumfa su fito. Ka cika. Ka ɗan taka mai kaɗan ka saki, sau 2 ko 3. In kumfa ta ƙare, shofaj yana busa zafi, ka rufe marfi. In fankarka ta lantarki ce ka jira ta tashi ta tsaya, ko sau ɗaya. Ƴar jarkar roba da ke gefe kuma ka sa mata ruwa tsakanin zane na ƙasa da na sama, kada ka cika ta har wuya, wurin da ya rage na kumburin ruwa ne. Akwai motocin da ba su da marfi bisa radiyato sam, ta jarkar nan kaɗai ake zubawa, aikin dai ɗaya ne.

Kashegari da safe, kafin a tada mota, a sake dubawa. Kusan kullum za ka tarar ya ɗan sauka, don sauran iskar ta fito da dare. Ka cika. Da anka yi wanga aiki ranar kasuwar nan, rabin awa ne. Ni a garaji da gwangwanin lita nake awo. In motar da na san tana cin lita 10 na zubar da ruwanta duka, ta ce ta ƙoshi da 6, ban yarda da ita ba.

To sai maganar cire tarmosta, wadda na ji har daga bakin direbobin da sunka girme ni. Na san daga inda ta fito. Zamanin kat-san-kat, Peugeot 404 ke nan da ta fito a 1960, da 504 da ta biyo ta a 1968, kanikawa sun saba fidda ta su jefar, mota ta ci gaba da tafiya Ƙonni da Maraɗi ba abin da ya same ta a ido. Injin lokacin ba shi da wayo, yana yafe abubuwa da yawa. Na yanzu ba haka yake ba. Ga injuna da yawa tarmosta aiki 2 take yi: tana buɗe hanyar radiyato, tana kuma toshe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji sa'ad da yake da sanyi. In ka cire ta, gajerar hanyar ta zauna buɗe, wani ruwan ya riƙa kewayawa nan ciki bai je radiyato ba, sai ka samu zafin da kake gudu. In kuma ba irin wannan ba ne, to lokacin ɗari, Disamba da Janairu, inji ba zai kai zafin aikinshi ba. Zai sha mai fiye da ƙa'ida, ya yi hayaƙi, ya ci kanshi a hankali. Tarmosta tana lalacewa, gaskiya ne, tana iya maƙalewa a rufe. Gwajinta tukunya ce da ruwa da wuta: in ta buɗe kafin ruwa ya tafasa lafiyarta lau, in ruwa ya tafasa tana rufe a sayi wata. Wajen ɗaurawa kuma, mafi yawansu suna da ɗan rami ko ɗan ƙarfe mai motsi a gefe. Sama yake kallo, don ta nan iska ke sulalewa. Na sha ganin an juya shi ƙasa.

Abin da na fi so ku riƙe bayan iska shi ne marfi. Mutane sun ɗauke shi murfin tulu, in ya ɓace a cusa tsumma. Ruwa a tukunya buɗe yana tafasa ga digiri 100. Marfin radiyato yana da ƙarfen nan mai naɗi da roba, yana danne ruwan, sai ya zama ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Lambar da kuke gani bisa kanshi, 0.9 ko 1.1 ko 1.4, ƙarfin dannewar ke nan, kuma kowace mota da nata. Cikin watan Afrilu da Mayu, sa'ad da rana ke kai digiri 45 inuwa, mota ta ɗauki buhunan hatsi da mutane tana nishi cikin rairayi da giya ta 2, wannan ratar ta digiri 20 ita ce tsakaninka da tsayuwa cikin daji. Marfin da robarshi ta tsage yana barin ruwa ya tsere, kuma in inji ya huce ya zuƙo iska maimakon ruwan jarka. Ka fidda iska yau, jibi ta dawo, kana ta zargin famfo. Namu na duba shi, ya gaji, a sake shi.

Wannan dannewar ce kuma ta ƙona yaron nan. Ruwan da ya wuce digiri 100 yana zaune shiru don an danne shi. Ka ɗaga marfi, nan take ya zama tururi ya yi sama da fuskarka. Ba a buɗe marfi da zafi, ko da tsumma, ko da wa ya ce a buɗe. In allura ta hau ja, direba ya kashe na'urar sanyi in da ita, ya buɗe shofaj duka, don shi ma ƙaramin radiyato ne, yana rage wani abu. Ya samu wuri ya tsaya. In tururi na fita ko ruwa na zuba ƙasa, ya kashe inji nan take. A ɗaga murfin gaba a jira aƙalla rabin awa, har dirit na sama ya yi laushi a hannu. Ruwan sanyi kuma bisa ƙarfen da ya gasu, mata sun san abin da ke samun tukunyar ƙasa in an fidda ta daga wuta an kwara mata ruwan randa. Sai ya huce ake zubawa, kaɗan-kaɗan, inji yana juyawa a hankali.

Kan irin ruwan, ba zan daɗe ba. Ruwan tabki laka ce, tana toshe ƴan bututun radiyato da ba su fi tsinke kauri ba. Ruwan wasu rijiyoyinmu kuma ku dubi cikin butar shayi ku ga farin da yake bari, haka yake yi cikin inji. Ruwa mai launi da ake saidawa cikin jarka, kore ko ja, ba na ƙasar ƙanƙara kaɗai ba ne kamar yadda ake faɗi, yana hana tsatsa ya ci famfo da kulas. A yi amfani da shi, kada a gauraya iri 2 ba tare da an tambaya ba. Amma guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, kada a zubar da tsohon inda yara ko awaki ko kaji za su kai baki. In dole ta kama kan hanya, ruwa mai tsabta kowane iri ya fi babu, in an iso gida a sake. Ƙwai da garin barkono da ake zubawa don toshe yoyo, suna toshewa, har da inda ba a aike su ba. Fuskar radiyato kuma a riƙa wanke ta daga baya zuwa gaba, musamman da kaka, sa'ad da ƙaiƙayi da fara da ƙura ke liƙe ta.

Akwai iskar da ba ta ƙarewa, ita ma ku san ta. In ka yi furje yadda na faɗa, kumfa ta ƙi tsayawa, tana ta fitowa ƙanana a jere muddin inji na aiki, wannan ba iskar zubi ba ce. Hayaƙin wuta ne ke kutsawa cikin ruwa ta shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji, wadda muke kira juwan. Za ka ga dirit ya yi tauri kamar taya tun inji bai yi zafi ba, ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, wani lokaci farin hayaƙi ta baya, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In an kai nan, zuba ruwa ba ya magani, sai an kwance. Motarmu nan ta kai, kuma daga iskar farko ta taso.

Saura maganar direba. Laifinshi ɗaya na gani: bai san furje ba, kuma wanda ya ɗaura dirit ɗin ma bai yi ba. Wannan ana koya shi cikin yini guda. Amma daren nan ya nemi tsayawa tun allura ta fara rawa, anka hana shi. Ban ga laifin wanda ɗan'uwanshi ke kwance yana nishi ba, ko ni ne ciki ƙila haka zan ce. Sai dai yaro ba ya iya musu da iyayenshi cikin mota, ku kun sani. In ƙungiya ba ta ba shi wannan iko da bakinta ba, gobe ma takawa zai yi. Ina roƙon a rubuta cikin littafin taro cewa in allura ta hau ja, maganar direba ce gaba, ko wane ne ke zaune ciki. Da an tsaya tun hawan farko an jira ta huce an cika ruwa, da mota ta kai Galmi ta dawo da ƙafafunta.

Ina kuma roƙon ma'aji ya fidda kuɗin sabon marfi da jarka 2 na ruwa mai launi, a aje ɗaya cikin mota kullum tare da jarkar ruwa mai tsabta. Tarmosta tana nan inda take, na maida ta. Yaron da ya ƙone, a dubi kuɗin maganinshi, aikinmu yake yi. Ni kuma in Allah ya kai mu zuwana gida na gaba, da safe bayan an karya, zan zubar da ruwan motar gaban kowa a ƙofar mai gari in sake cikawa. Direba da yaronshi da duk mai mota ko mai niyyar saye ya zo ya sa hannu. A zo da gwangwanin lita da mazurari.

Allah shi kiyaye hanya.